Tambayoyi da Amsoshi kan Fulasmid na Samar da Furotin Mai Ƙyalli a Ƙwayoyin Dabbobi Masu Shayarwa

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin ɗalibai da matasan masu bincike na nan Maraɗi, galibinsu waɗanda suka karanta ilimin halittu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma suke shirin tafiya horo Yamai, ko Kano, ko ƙetare, inda rana ɗaya za a miƙo musu ɗan bututu mai ɗigon ruwa a ce ga fulasmid nan, a je a sa shi. Da yake yawancinmu da Faransanci muka yi karatu, ga yadda aka daidaita kalmomi: "ƙwaya" tana nufin ƙwayar halitta guda wadda jiki ya ginu da irinta, "saƙon gado" kuwa guntun DNA ne, wato ADN a bakin ƴan ajinmu, mai ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗaya.

Mene ne fulasmid, kuma me ya kai kayan bakteriya cikin ƙwayar dabba?

Fulasmid ƙaramin zobe ne na DNA da ke zaune cikin bakteriya, yana kwafar kansa ba tare da ya jira babban DNA na bakteriyar ba. Joshua Lederberg ne ya raɗa masa wannan suna a 1952, sannan a 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya yanka zoben, a saka masa baƙon guntu, a mayar da shi cikin bakteriya ya ci gaba da yaɗuwa. Irin fulasmid ɗin da muke magana a kansa gida biyu gare shi: a cikin bakteriyar E. coli ake yawaita shi, domin ita ce mai arhar reno, amma saƙon da ke kansa ba ya karantuwa sai ya shiga ƙwayar dabba mai shayarwa. Bakteriya ke nan maɗaba'a, ƙwayar dabba kuma mai karatu.

Daga ina furotin mai ƙyalli ya samo asali?

Daga wata halittar teku mai siffar laima, Aequorea victoria, wadda ake samu a gaɓar yammacin Amurka ta Arewa. Osamu Shimomura ya ba da rahoton furotin ɗin a 1962, Douglas Prasher ya ware saƙon gadonsa a 1992, a 1994 kuma Martin Chalfie ya nuna cewa idan aka kai saƙon cikin bakteriya ko cikin tsutsar C. elegans, koren hasken yana bayyana ba tare da an ƙara wani sinadari ba. Roger Tsien ya gyara shi ya ƙara masa haske, ya kuma fitar da wasu launuka. Shimomura da Chalfie da Tsien ne suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Prasher bai shiga ba, abin da har yau ake tattaunawa a kai.

GFP, kamar yadda ake kiransa, amino asid 238 gare shi, wato tubalan da ake gina furotin da su, nauyinsa kimanin kilodalton 27 a ma'aunin nauyin furotin, siffarsa kuma kamar ganga ce mai rufe. A tsakiyar gangar ne amino asid uku, na 65 da na 66 da na 67, suke naɗewa su zama abin da ke ƙyalli, kuma wannan naɗewa ba ta kammaluwa sai da iskar oksijin. Ba ya ba da haske da kansa a cikin duhu. Sai an haska shi da shuɗin haske sannan ya mayar da kore. A riƙe nauyin nan na kilodalton 27 a zuci, domin zai sake fitowa a amsar da ta shafi sauya halin furotin.

Idan aka ba ni taswirar fulasmid, me zan fara dubawa?

A fara da furomota, wato makunnin da ke sa ƙwayar dabba ta soma karanta saƙon. Wanda aka fi yawan gani shi ne CMV, mai ƙarfin gaske a ƙwayoyin mutum da ake reno a ɗakin bincike irin su HEK293 da HeLa, sai dai a wasu ƙwayoyi, musamman ƙwayoyin asali na ɗan tayi, yakan mutu a hankali bayan ƴan makonni. Cikin sauran furomota, EF1α da CAG sun fi shi juriya, PGK da UbC kuma sun fi shi sauƙin ƙarfi, wanda sau da yawa alheri ne ba aibi ba. Bayan furomota sai jerin Kozak, GCCACCATGG, mai sunan Marilyn Kozak, wanda ke nuna wa injin ƙera furotin inda zai fara. Sai wurin yanka da saka baƙon saƙo. Sai saƙon furotin mai ƙyalli, mai tsawon harafin DNA 720 ko kusa da haka. Sai alamar rufewa ta poli-A, galibi ta SV40 ko ta BGH.

Ragowar zoben na bakteriya ne: tushen kwafi, da saƙon jure maganin kashe bakteriya. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi yi wa gaggawa. Fulasmid pEGFP-N1 da pEGFP-C1, masu tsawon harafi kimanin 4,700, kanamisin suke jurewa, alhali pcDNA3.1 ampisilin yake jurewa. Wanda ya shuka na farkon a faranti mai ampisilin zai wayi gari ya tarar da faranti fes, ya ɗora wa bakteriya laifin da ba nata ba.

A gaban furotin nawa zan liƙa mai ƙyallin, ko a bayansa?

Ana liƙa mai ƙyallin a jikin furotin da ake nazari ne domin a ga inda yake zama a ƙwaya. Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, kuma amsar tana jikin furotin ɗin, ba ta jikin fulasmid. Furotin da yawa suna ɗauke da adireshinsu a ɗaya daga cikin bakunansu biyu. Wanda za a fitar waje daga ƙwaya, ko a dasa a fatarta, yakan zo da ɗan guntun jagora a bakin gaba, wato bakin N, kuma ana guntule guntun da zarar ya gama aikinsa. Haka ma mafi yawan furotin masu shiga mitokondiriya, ma'aikatar makamashin ƙwaya. Idan aka ɗora GFP a gaban irin wannan, ko dai ya toshe jagoran furotin ya ɓata hanya, ko a yanke shi tare da jagoran a bar furotin ba alama. Irin waɗannan a bayansu ake liƙawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu adireshi a bakin baya, wato bakin C: furotin Ras da danginsa suna da jerin amino asid CAAX da ake rataya wa kitse domin su manne da fata, masu shiga ferokisom, wata ƴar jaka ta cikin ƙwaya, suna ƙarewa da SKL, masu zama cikin ragar ER da ke cikin ƙwaya kuma da KDEL. Duk waɗannan dole adireshin ya kasance shi ne ƙarshen furotin, saboda haka a gaba ake sa musu alama, sai dai masu KDEL, da yake suna da jagora a gaba ma, bayan jagoran ake sa musu ita.

Sunayen fulasmid ɗin kansu suna rikita mutane. A pEGFP-N1 furotin naka ne a gaba, GFP a baya. A pEGFP-C1 GFP ne a gaba, naka a baya. Harafin yana nuna bakin GFP da za a jingina furotin naka a kai ne, ba bakin furotin naka ba. Idan ba a san komai game da furotin ɗin ba, shawarar da ta fi ita ce a ƙera duka biyun a gwada, domin kuɗin ƙera na biyu bai kai asarar wata shida a kan wanda ya zauna inda bai dace ba.

Me ake nufi da jerin karatu, kuma me ya sa ake sa mahaɗi a tsakani?

Ƙwaya uku-uku take karanta haruffan DNA, kowane uku amino asid ɗaya. Idan a wurin haɗi aka sami ƙarin harafi ɗaya ko ragin ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme, kuma nan da nan karatun zai ci karo da alamar tsayawa. Wanda ya sa saƙonsa a gaban GFP wajibi ne ya cire alamar tsayawar saƙon nasa, TAA ko TAG ko TGA, ya kuma tabbatar yana da ATG da jerin Kozak. Wanda ya sa shi a baya kuwa ya bar alamar tsayawar a ƙarshe. Mahaɗi kuma ɗan gajeren jeri ne, galibi na gilaisin da serin kamar GGGGS sau ɗaya zuwa uku, wanda ke ba furotin biyun sarari kowa ya naɗe yadda ya saba ba tare da ya takura ɗan'uwansa ba. Kada a sa fulasmid a ƙwaya sai an karanta jerin haruffan wurin haɗin, ko ma na zoben gaba ɗaya, tunda yanzu ana yin hakan cikin sauƙi.

Wane launi ya fi?

Wanda madubin ƙara girma, wato maikuroskof, da za a yi aiki da shi yake iya gani. Kafin a yi odar komai, a je ɗakin madubi a rubuta matatan hasken da ke jikinsa. EGFP, wato GFP da aka gyara domin ya naɗe da kyau a digiri 37, ana haska shi a nanomita 488 ya mayar a wajen 507, kuma kusan duk madubin ƙyalli yana da matacinsa. mCherry, wanda ɗakin binciken Tsien ya fitar a 2004 daga jan furotin ɗin murjanin teku Discosoma, ana haska shi a 587 ya mayar a 610. Waɗannan biyun sun yi nisa da juna sosai, shi ya sa aka fi haɗa su idan ana son ganin furotin biyu a ƙwaya ɗaya. Kore da rawaya kuwa sun yi kusa, hasken ɗaya yana zuba cikin na ɗayan. mNeonGreen na 2013 da mScarlet na 2017 sun fi na da haske, kuma shafin FPbase a intanet yana jera su duka a kwatanta.

Ƙaramin harafin "m" da ke gaban sunan ba ado ba ne, yana nufin furotin ɗin shi kaɗai yake zama. DsRed, jan furotin Discosoma na asali, huɗu-huɗu yake haɗuwa, saboda haka duk abin da aka liƙa masa sai ya dunƙule. EGFP kansa yana ɗan son haɗuwa bibbiyu idan ya cunkushe a fata, kuma sauyin amino asid guda da ake kira A206K ne ke raba shi da wannan hali.

Liƙa masa wannan abu ba ya sauya halin furotin?

Yana iya sauyawa, kuma wanda ya ce ba ya sauyawa bai gwada ba ne. Idan makiyayi ya rataya wa jar akuyar Maraɗi ƙararrawa domin ya san inda ta shiga, ƙararrawar ba ta kai ko kunnenta nauyi ba. A nan kuwa akwai furotin ɗin da GFP ya fi shi girma: histon H2B, wanda DNA ke naɗewa a jikinsa, bai kai kilodalton 15 ba. Ko aktin na zaruruwan ƙwaya, mai 42, bai ninka GFP biyu ba. H2B ya haƙura da kayan, shi ya sa ake amfani da shi wajen kallon rabuwar ƙwaya. Aktin bai haƙura sosai ba, wasu zaruruwan ƙwaya ba sa karɓar mai alamar yadda ya kamata, har aka koma amfani da Lifeact, guntu mai amino asid 17 da aka bayyana a 2008, wanda ke manne wa aktin na asali ya nuna shi. Ga kuma matsalar yawa: CMV yakan sa ƙwaya ta ƙera furotin ninki da yawa fiye da yadda ta saba, sai ya cika wurinsa ya malala inda ba ya zuwa. Ƙwayar da ta fi kowace haske a madubi ita ce ido ya fi so, kuma ita ce ta fi yin ƙarya. Masu matsakaicin haske ake ɗauka hoto.

Mai wannan rubutu ya taɓa shan wannan darasi a wani ɗakin bincike da ya yi horo. Awa ashirin da huɗu bayan sa fulasmid, aka kashe fitila, aka ja labule, ƙwayoyi suka bayyana kore shar daga gefe zuwa gefe har cikin cibiyarsu, wato ɗakin DNA na ƙwaya, ya ɗauki hotuna ya aika wa malaminsa cikin murna. Malamin tambaya ɗaya ya yi: furotin ɗin da ya kamata ya tsaya a fata, me ya kai shi cibiya? Da aka raba furotin bisa nauyi aka nemi GFP, layi ɗaya ne ya fito, daidai kan 27. Alamar tsayawa ce ba a cire ba, GFP ɗin kuma da yake yana da nasa ATG, ya riƙa fitowa shi kaɗai, ga shi ƙarami, yana ratsa ƙofofin cibiya yadda ya ga dama. An ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki ganin kansa sai an kafa masa shaida.

Shaidun kuwa su ne: a sa fulasmid mai GFP kaɗai a faranti na gefe domin a san kamannin wanda ba a liƙa wa komai ba; a tabbatar layin ya fito a nauyin furotin haɗe da 27; a kwatanta wurin zamansa da na furotin na asali ta hanyar rina shi da antibodi, wani furotin da ke gane shi ya manne masa; idan da hali kuma a nuna cewa mai alamar yana iya maye gurbin na asali a ƙwayar da aka cire mata shi. Inda ake da kayan aiki, ana dasa saƙon ƙyallin kai tsaye a saƙon gadon ƙwayar da CRISPR, fasahar yanka da gyaran DNA, sai yawan furotin ya zauna yadda Allah ya tsara shi.

Ni ƙwayoyin da suka karɓi fulasmid kawai nake son ganewa. Dole sai na liƙa?

A'a. Ana sa jerin IRES ko guntun P2A ko T2A tsakanin saƙonnin biyu, sai furotin biyun su fito daga makunni ɗaya amma a rabe. Da IRES na biyun yakan fito kaɗan. Da 2A yawansu ya fi kusantar juna, sai dai ana barin ƴan amino asid kimanin ashirin a bayan na farkon. A irin wannan tsari hasken ba ya faɗin komai game da wurin zaman furotin naka.

Ta yaya mutum zai sami fulasmid yana Maraɗi, ga zafi ga nisa?

Hanya ta farko ita ce a roƙi wanda ya ƙera shi, kuma masu bincike da yawa suna bayarwa. Ta biyu ita ce Addgene, ma'ajiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, da aka kafa a 2004 a jihar Masachusets ta Amurka. Tana aika wa jami'o'i da cibiyoyin bincike ne, ba ɗaiɗaikun mutane ba, kuma sai hukumar jami'a ta sa hannu a yarjejeniyar miƙa kayan, saboda haka a fara bin takardar tun da wuri. Abin da ke zuwa daga can bakteriya ce mai rai da aka soka cikin ɗan bututun aga, wato daskararren abincin bakteriya. Ita ce zafi yake yi wa illa, kuma kunshin da ya sauka Yamai a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sannan ya biyo mota fiye da kilomita 600, ya sha wuya kafin ya iso. Ranar da ya iso a shafa shi a faranti, kada a bari ya kwana biyu.

DNA ɗin kansa ya fi bakteriya juriya nesa ba kusa ba. Idan abokin aiki ne zai aiko, a ce masa ya ɗiga fulasmid a takardar tacewa, ya zana da'ira da fensir a kewayen ɗigon, ya bar shi ya bushe, ya sa a leda cikin ambulan. Idan ya iso sai a yanko da'irar, a jiƙa ta a ɗan ruwan TE na narkar da DNA, a sa ruwan cikin bakteriya. Wannan dabara tana da amfani wajen ajiya ma: a wurin da wuta ke ɗaukewa, bakteriyar da aka daskarar cikin gilisarol a digiri 80 ƙasa da sifiri tana lalacewa idan ta narke ta sake daskarewa, alhali busasshen DNA a aljihun tebur bai san an ɗauke wuta ba.

Yaya ake yawaita shi, kuma wane tsarki ake buƙata?

A ɗauki ɗigon bakteriya guda daga faranti, a rene shi dare ɗaya a digiri 37 cikin ruwan renon bakteriya na LB mai maganin da ya dace, kanamisin maikurogiram 50 a mililita ko ampisilin 100, kamar yadda aka yi gargaɗi a amsar taswira. Irin E. coli da ake kira DH5α ya wadatar ga yawancin fulasmid, amma na lentibairus, wato bairus da ake aika saƙo cikin ƙwaya da shi, masu jeri mai maimaituwa, sun fi zama lafiya cikin irin Stbl3. Bayan an tsamo DNA a auna shi: rabon hasken da yake sha a nanomita 260 da na 280 ya kasance wajen 1.8. Wannan awon ba ya nuna gubar endotoksin da ke fitowa daga ɓawon bakteriya, wadda HEK293 ke jurewa amma ƙwayoyi masu laushi ba sa jurewa, saboda haka a nemi kayan tsamowa masu cire ta idan da irinsu za a yi aiki.

Da wace ƙwaya zan fara, kuma ta yaya fulasmid ke shiga?

Mai koyo ya fara da HEK293 ko HEK293T, domin suna karɓar DNA ba gardama. Idan hoto ake so kuwa HeLa, wadda aka samo daga Henrietta Lacks a 1951, ko COS-7 ko U2OS sun fi shimfiɗuwa a gilashi, ana ganin cikinsu sarai. Dukkansu digiri 37 suke so da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Hanya mafi arha ita ce ta kalsiyam fosfat, wadda Graham da van der Eb suka bayyana a 1973, sai sinadarin PEI, wanda galibi ake haɗa kashi uku nasa da kashi ɗaya na DNA. Lipofectamine da ire-irensa sun fi sauƙin sarrafawa, sun kuma fi tsada. Ƙwayoyi masu taurin kai sai an buga musu lantarki ko an bi ta lentibairus, wanda ba a yin aikinsa sai a ɗakin da ya cika sharuɗɗan kariya na mataki na biyu. A ramin faranti mai ramuka shida, maikurogiram ɗaya zuwa biyu da rabi na DNA ya isa, ƙwayoyin kuma su rufe kashi 70 zuwa 90 na ƙasan ramin. A lokacin hunturu a ninka kula da tsabta, domin ƙurar da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ba ita kaɗai take zuwa ba.

Hasken ya fito, bayan kwana biyar ya ɓace. Me ya faru?

Babu abin da ya lalace. Fulasmid ba ya kwafar kansa a yawancin ƙwayoyin dabba, saboda haka duk rabuwar ƙwaya rabonsa raguwa yake. Hasken yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 48, daga nan sai baya. Mai son haske mai ɗorewa sai ya zaɓo ƴan ƙwayoyin da fulasmid ya shige cikin DNA nasu. A pEGFP saƙon da ke kare bakteriya daga kanamisin shi ne ke kare ƙwayar dabba daga maganin G418, wanda ke ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya share marasa kariya. Furomaisin kuwa cikin kwana biyu zuwa huɗu yake gamawa, idan fulasmid yana da saƙon jure shi. A fara gwada adadin maganin a kan ƙwayoyin da ba a sa wa komai ba. Idan zuriyar ƙwayoyin da aka zaɓo ta kafu, hasken sannan ya dusashe bayan wata guda, a koma ga abin da aka faɗa kan mutuwar CMV.

Ƙwayoyin suna haske da ransu, amma da na kafe su da sinadari domin hoto sai ya tafi. Ko kuma komai na haske har inda ba a sa fulasmid ba.

Na farkon galibi laifin sinadarin kafewa ne. Farafomaldehaid kashi 4 cikin ɗari na minti goma zuwa sha biyar yana barin GFP da haskensa, metanol mai sanyi kuwa yakan rage shi ko ya wanke wanda ba ya manne da komai. Haske mai ƙarfi ma yana ƙone furotin, saboda haka a nemo ƙwayar da haske mai rauni, a rufe makullin haske idan ba a kallo, a nannaɗe gilashin da takardar alminiyam. Akwai kuma tsami: EGFP yana rasa rabin haskensa a wajen pH 6, ya mutu ɗungum a cikin lisosom, jakar narkar da sharar ƙwaya, inda pH yake tsakanin 4.5 da 5, alhali mCherry yana ci gaba da haske a can. Wannan bambanci ne aka mayar da shi dabara a fulasmid mai ɗauke da mCherry da EGFP da LC3, furotin da ke manne wa jakar kwashe sharar ƙwaya, a jere, inda ɗigo mai launin rawaya ke nuna jakar da ba ta haɗu da lisosom ba tukuna, ja kuma wadda ta riga ta haɗu.

Na biyun kuwa hasken ƙwayar ne na kanta. Matattun ƙwayoyi, waɗanda suka dunƙule suka taso sama, suna ƙyalli a kusan kowane mataci, jan launin fenol da ke cikin ruwan reno yana ƙara hazo, farantin roba mai kauri kuma yana da nasa. A koma ruwan reno marar jan launi da faranti mai gindin gilashi, sannan a ɗauki hoton ƙwayoyin da ba su ga fulasmid ba da tsawon buɗe kyamara iri ɗaya da na gwajin. Duk abin da ya bayyana a wancan hoton, a cire shi daga lissafi.